Ƙungiyar da ke ƙaura da ƙungiyar da ke mutuwa

Adirondack Flames kaka ɗaya tak ta yi. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ce a garin Glens Falls na jihar New York, ta fara wasa a 2014, a 2015 aka kwashe ta zuwa Stockton a Kalifoniya da sabon suna. A nan Kalgari ta Kanada, inda nake zaune, ba wanda ke kiran wannan mutuwa, ƙaura suke cewa. Ƙungiyar renon 'yan wasa ce ta Calgary Flames a gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, kuma daga 2005 zuwa 2022 ta zauna a gari shida: Omaha, Moline, Abbotsford, Glens Falls, Stockton, sannan Kalgari. Abin da mai kulob ya mallaka shi ne gurbin shiga gasa, gurbin kuwa yana iya ɗaukarsa ya kai duk inda filin wasa ya fi araha ko tikiti ya fi shiga. Ba a hawa rukuni, ba a faɗowa. Abbotsford ma sai da hukumar garin ta biya dalar Kanada miliyan 5.5 a 2014 don ta rabu da yarjejeniyar da ke cin kuɗinta.

Ni da na tashi a unguwar Congo-Russia ta Jos, wannan tsari bai taɓa kwanta mini ba. A Jos kulob ɗin ƙwallon ƙafa ba ya tashi daga garinsa, sai dai ya mutu a cikinsa. Giwa FC ce misalin da muka gani da idonmu. Chris Giwa ya kafa ta a 2012, ta hau Firimiya da ƙafarta, ta fara buga babbar gasa a 2014 a filin Rwang Pam, ana kallonta kafaɗa da kafaɗa da manyan ƙasarmu. Samarin unguwarmu da ba su da zance sai na Chelsea da Arsenal suka koma musu a kan wasan gida. A 2016 aka yi hargitsi a wasanta da Enugu Rangers, aka yanke mata hukuncin buga wasannin gida a Ilorin, ta ƙi fita wasa uku a jere, hukumar LMC mai gudanar da gasar ta kore ta a watan Mayu. Duk wannan ya faru ne ana tsakiyar rigimar shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, tsakanin mai kulob ɗin da Amaju Pinnick. Rigimar manya ce, amma yaran da ke cin abinci da ƙafarsu aka bari suna neman inda za su raɓa a tsakiyar kaka.

Nan ne nake ganin mutanen nan sun fi mu. Ɗan wasan Adirondack bai rasa aiki ba don gari ya rasa kulob, kwantiraginsa na nan, jaka kawai ya ɗaure. Kuma kakar nan guda ɗaya a rubuce take, wasa bayan wasa, da sunan wanda ya ci da wanda ya ba shi. Mu kuwa tarihin Mighty Jets, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa a 1970, ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko a 1972, rabinsa yana bakin dattawa ne a teburin mai shayi. Suna ba da labarin ɗan wasanta Sam Garba Okoye har ka ji kamar kana filin, amma kowace shekara masu ba da labarin raguwa suke yi.

Duk da haka ba zan so a kawo mana tsarinsu ba. Yaron Glens Falls da aka saya wa riga a 2014 ba a shawarce shi ba da aka tafi da ƙungiyarsa. Plateau United ta faɗo ta sake hawa, ta ci gasa a 2017, kuma duk tsawon lokacin tana Jos. Abin da nake so mu ara kaɗan ne: doka da za ta tilasta wa mai kulob ajiye albashin 'yan wasa na kaka guda kafin a buga wasan farko, da mutum ɗaya a kowane kulob wanda aikinsa rubuta abin da ya faru a fili.