Cuku da Takardar Sakamako

A gidaje da yawa na Tawa da Maraɗi, ranar da yara suka dawo daga lakwal da takardar sakamako ba a cika dogon jawabi ba. Maigida ya karɓi takarda, idonsa ya gangara can ƙasa inda mushe, wato malaminsu, ya rubuta jimillar maki. A Nijar da 20 ake auna ɗalibi: wanda ya samu 10 ya tsallake, wanda ya kai 14 kuwa ya fitar da gidansu kunya. Sai uba ya ninke takarda ya ce, "To, kai me kake so a ci yau?"

Tambayar nan ita ce babbar kyautar. Yaro a gidan Bahaushe ba a shawara da shi kan tukunya, abin da aka tuƙa shi zai ci ya yi hamdala. Yau kuwa uwa ta dakata da muciya, yayye sun zuba masa ido, kowa na ƙifta masa abin da ransa ke so. Yawanci kaza ake cewa, ko balangu, ko kilishi. Amma akwai yaran da ba su da zance sai cuku, kuma a nan ne gida ke rabewa.

Cukun da yaron birni yake nufi shi ne La Vache qui rit, wanda Léon Bel ya fara fitarwa a Faransa a 1921, mai hoton jar saniya tana dariya da 'yan kunne. Mai kanti yakan ɓalle kwali ya sayar ɗai-ɗai. A ja jan zaren, a shafe cikin burodi, sauran da ya maƙale a takarda a lashe shi tas.

Kaka ba ta yarda wannan cuku ne ba. Nata shi ne wanda matan Fulani da Buzaye ke yi a yankin Abalak da Cintabaradan. Madarar da aka tatso yanzu ake sa wa tsami daga cikin ɗan akuya ko ɗan maraƙi, ta daskare, a shimfiɗa ta fale-fale a kan 'yar tabarmar kara, a tace ruwan, a shanya. Shi ya sa kowane falle yake ɗauke da layi-layin karan da ya bushe a kai. Ba ya neman firji, yana iya tafiya a jakar matafiyi har Agadas. A ɓalla a haɗa da shayi mai ɗaci, ko a daka shi cikin fura ta yi gardi. A ganina kaka ce da gaskiya, duk da cewa ban taɓa ganin ta ci gardamar ba. Lokaci ma yana gefenta, don sakamakon ƙarshen shekara yana fitowa ne daidai faɗuwar damina, shanu sun fara samun ɗanyar ciyawa, nono ya dawo.

Ko wanne aka saya, gwanin ba ya ci shi kaɗai. Faranti ɗaya ake ajiyewa, kuma ƙanensa da ya tashi da maki 8 yana nan zaune, kai a sunkuye, hannu a cikin faranti. Wasu iyayen sukan so a hana shi don ya ji a jikinsa, uwa ce ba ta bari. Iyakar horonsa shi ne a aike shi kanti ya sayo abin da ɗan'uwansa ya zaɓa, ya kawo canji cif, kuma mai kanti ba ya rasa tambayarsa, "Kai fa, na nawa ka zo?"