Kalmar Turancin da ta kayar da mu a kan ofishin ƙungiya



An sha tambayarmu a wurin taro me ya sa kuɗin da ake kashewa a kan ofishin ƙungiya ya haura abin da muka faɗa tun farko. Mun yi ta kewaye-kewaye, amma gara ku ji daga bakinmu. Laifin namu ne, mu da ke riƙe da biro da takardu, kuma kalma ɗaya ce ta Turanci ta kayar da mu.

Lokacin da za mu karɓi ɗakin, lauyan mai gida ya kawo yarjejeniya shafi huɗu. Kuɗin haya babu ruɗani a kansa. Amma an rubuta cewa kuɗin gadi da kwasar shara za a riƙa biyansa “biannually”. Muka ce ai shekara bibbiyu ke nan, har muna murnar samun sauƙi. Haka muka fassara wa dattawa, shugaba ya sa hannu. Wata shida na cika sai ga ɗan aike da takardar neman kuɗi. Muka tafi da zafinmu, har da cewa don an ga mu baƙi ne. Lauyan bai yi musu da mu ba, ƙamus ya buɗe ya tura gabanmu. Ashe “biannual” sau biyu ne a shekara. Wadda muke nufi ita ce “biennial”, sau ɗaya a shekara biyu. Haruffa biyu ne suka raba su, amma abin da muka lissafa za mu biya sau ɗaya, sau huɗu ya zama.

Zaman Sabo ya ɗan yaudare mu. A nan Ibadan muna ciniki da Yarbanci, muna faɗa da direba da buroka, ga difloma a akwati, sai muka ɗauka mun gama da Turanci. Na kasuwa muka iya. Na takarda dabam yake, kuma da dalilinsa. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka daɗe suna riƙe da fada da kotu da coci. Shi ya sa har yau za ka ji abu ɗaya da suna biyu: a titi “buy”, a takarda “purchase”, a titi “end”, a takarda “terminate”. Mu ma haka Hausarmu take. Je zauren alƙali ka ji da'awa da hukunci da wasiyya, duk Larabci ne da ya zauna da mu.

Wannan ne ya buɗe mana hanya. Wanda ya yi sarfu a gaban malami ya san kataba da katib da maktub da kitab tushensu ɗaya, ka kama uwar ka kama 'ya'yan. Manyan kalmomin Turanci ma haka suke. Shekara a Latin ita ce “annus”. Daga gare ta “annual” ta fito, da “anniversary”, da “per annum” da ke cikin kowace takardar haya, har da biyun nan da suka ruɗa mu.

Da farko mun ɗauki hanyar da ba ta ɓulle ba. Muka sayi ƙamus na Oxford muka ce kullum sai mun haddace kalma goma daga harafin A. Ko B ba mu kai ba. Abin da ya zauna shi ne wani littafin rubutu da muke ajiyewa a ofis. Duk wasiƙar da ta zo daga ƙaramar hukuma ko banki ko lauya, kalmar da ta tsaya mana a wuya sai mu kwafe ta tare da jimlar da ta zo a ciki, mu rubuta ma'anarta da Hausa, sannan mu nemo danginta. Ranar da babu wasiƙa, sharhin edita na jaridar Tribune, wadda ake bugawa a garin nan tun 1949, ya ishe mu aiki.

Ba muna neman fasa Turanci a taro ba ne, kun san masu yi, su gama jawabi kowa na kallon ɗan'uwansa. Muna so ne kada a sake sa hannu da sunan jama'a a kan abin da ba a gane ba. Yaranmu ma abin ya shafe su, tunda Turanci dole ne a JAMB, kuma babu shiga jami'a sai da kiredit ɗinsa.

Daga yanzu babu takardar da shugaba zai sa wa hannu sai mutum biyu sun karanta ta da ƙamus a gefe. Kuma kowace Lahadi bayan la'asar muna ofis. Mai takardar haya ko ta fili ko ta makarantar yara ya zo da ita mu duba tare. Sabuwar yarjejeniyar ofis ta iso, mun ja layi a ƙarƙashin kalma bakwai. Da “indemnify” za mu fara.