Gizon Amurka da Gizon Kakarmu

Mu da muka tashi a ƙauyukan Hausawa na tsakanin Jazira da Sinnar, makarantu uku muka yi: ta allo da asuba, ta gwamnati da hantsi, sai ɗakin kallo da daddare, wanda muke kira nadi kamar yadda maƙwabtanmu suke kiransa da Larabci. Rumfar kwano ce da bencina, da janareta mai yawan tari, da talabijin guda a kan akwati. Ranar da babu ƙwallo, mai nadi yakan juya zuwa tashar MBC 2, inda ake saka finafinan Amurka da fassarar Larabci a ƙasa. A nan muka fara ganin saurayin nan mai jan kaya yana lilo da zare tsakanin benayen New York, a fim ɗin Spider-Man na 2002. Nan take muka raɗa masa suna Gizon Amurka, domin dama muna da namu Gizon, wanda kakarmu take kawo mana kowane dare tare da matarsa Ƙoƙi.

Cikinmu babu wanda ya kai ƙanenmu, ɗan baffanmu, son wannan fim. Amma ba ya shiga nadi sai an kashe fitila, kuma kafin a kunna ta ya riga ya sulale. Kullum bakin ƙofa ne mazauninsa. A gida kuwa yabonsa ake yi. In baƙi suka zo ya ɓuya a bayan rumbu, sai iyaye mata su ce, "Wannan yaro akwai kunya, Allah Ya yi masa albarka." Mu ma haka muka ɗauka. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, don haka duk shirun da muka gani a cikin gida, kunya muka kira shi. Ba mu lura da cewa hannunsa yana rawa in an miƙa masa shayi a gaban mutane ba. Ba mu tambayi dalilin da ya sa ya gwammace ya kwana da yunwa da ya sa hannu a tire ɗaya da baƙo ba. Ranar da malam ya ce ya ja baƙi a gaban ɗalibai, rigarsa ta jiƙe da gumi, alhali surar yana iya karanta ta ko cikin barci.

Wata rana muna dawowa daga nadi ta bakin magudanar ruwa, sai ya ce, "Yaya, kun lura kuwa? In ba hular nan a fuskarsa, ko gaisuwa ba ya iya yi wa yarinyar. Da ya saka ta, har tsokanar mugaye yake yi. Da ma ana sayar da irinta a kasuwar Madani." Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da mun yi tunani, da mun gane maganarsa, domin dukkanmu muna da irin wannan hula. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Wasu kakanninmu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannuwansu na cikin waɗanda suka yi shuka da tsinka. Duk da haka, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna ƙasar tun ƙarshen 1897, kafin daga baya a sassauta. Sunayen Fallata da Takari suka bi mu, wani lokaci a matsayin suna kawai, wani lokaci a matsayin zagi. Saboda haka muka koyi dabara tun muna yara: da an hau motar Wad Madani, sai a naɗe Hausa a sa a aljihu. In Inna ta kira a waya, a amsa mata da Larabci, murya ƙasa-ƙasa.

Daga baya muka ji cewa waɗanda suka ƙirƙiro Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, wato Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa ne masu ƙaura. Ba mu yi mamaki ba. Wa zai ƙago mutumin da sunansa na gida Kal-El, na waje kuma Clark Kent, yana ɓoye asalinsa a bayan tabarau, in ba wanda ya san ɗanɗanon abin ba? Bambancinmu da ƙanenmu shi ne, mu da mun dawo ƙauye mukan cire tabarau mu sha iska. Shi ko a tsakar gidan mahaifiyarsa bai taɓa samun wannan hutu ba.

Ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, ya tafi karatu birni. A cikin watanninsa na farko aka tashe shi ya yi bayani a gaban aji. Harshensa ya sarƙe, wani harafin Larabci na maƙogwaro ya fito masa irin na mutanen ƙauyenmu, wani daga baya ya kwaikwaye shi, aji ya fashe da dariya. Abin bai wuce minti guda ba, kuma mai yiwuwa kafin la'asar kowa ya manta. Shi kuwa bai sake shiga wannan aji ba. Kafin shekara ta ƙare ya dawo gida da jakarsa, ya shige ɗaki. Ko sallar jam'i sai ya bari an tayar, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya fita da sallama.

A nan yabo ya koma zargi. Masu cewa mai kunya ne suka fara cewa girman kai ne. Wasu suka ce sammu aka yi masa don baƙin cikin karatunsa, wasu suka ce iska ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi, baffanmu ya sayar da awaki biyu. Sai da aka kwashe kusan shekara biyu kafin wata yayarmu mai aikin jinya ta matsa a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Madani, baffa yana cewa, "Ni ɗana ba mahaukaci ba ne." Likitan ya yarda da baffa a kan wannan, sannan ya gaya mana cewa abin yana da suna. Da Larabci suna ce masa ruhab ijtima'i, wato cutar fargabar shiga jama'a.

Ga abin da muka koya tun daga ranar. Cuta ce sananniya, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa a kundinsu tun 1980. Galibi takan fara ne a farkon balaga, wajen shekara 13. Mai ita yana jin tsoro mai tsanani cewa idanu suna kansa, ana auna shi, kuma yanzu-yanzu zai yi abin da zai zubar masa da mutunci. Zuciya ta riƙa bugawa, baki ya bushe, murya ta yi rawa, gumi ya keto. Likitoci ba sa kiranta cuta sai ta kai wata shida ko fiye, kuma ta tare wa mutum hanyar karatu, ko sana'a, ko zumunci. A nan ta rabu da kunya. Mai kunya yakan sunkuyar da kai a gaban surukinsa don girmamawa, ya fita ya ci gaba da harkarsa. Mai wannan cuta so yake ya shiga mutane, jikinsa ne yake ƙi.

Abubuwan da suke tayar da ita ba baƙi ba ne: magana a gaban taro, cin abinci ana kallo, haɗuwa da baƙo, tsayawa gaban mai muƙami, amsa waya. Akwai gado a ciki, akwai kuma abin da yaro ya gamu da shi na tsangwama da ba'a. Ga ɗan ƙauyenmu kuma akwai ƙari guda, wato tsoron kada harshe ya tona asali. Wannan tsoron yana da tushe. Mun ga abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, bayan taƙaddama kan neman sarautar gargajiya ta Hausawa, da abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a watan Oktoba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Wanda ya yi taka-tsantsan a inda ake farautar ƙabilarsa, hankali ya yi. Cutar tana farawa ne a lokacin da haɗari ya wuce amma jiki ya ƙi yarda, har mutum ya riƙa jin bugun zuciyar shingen bincike a gaban mai shagon unguwarsu.

Kada kuma a haɗa ta da abin da ya sami Tony Stark a fim ɗin Iron Man 3 na 2013, inda numfashinsa yake sarƙewa duk lokacin da aka ambaci yaƙin New York. Shi tuna bala'i ne yake firgita shi, kuma irinsa sun yi yawa a cikinmu yanzu. Ƙanenmu kuwa idon mutane ne dodonsa.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne bayanin da wasu masana biyu na Ingila, David Clark da Adrian Wells, suka yi a 1995. Sun nuna cewa mai wannan cuta, da ya shiga mutane, hankalinsa yakan bar su ya koma kansa, yana ganin hoton kansa a mafi munin kama. Sannan yakan ƙirƙiri dabarun kare kai: zama a bakin ƙofa, kauce wa haɗa ido, maimaita jimla sau goma a zuci kafin a furta ta. In ya koma gida kuma ya kwana yana tuhumar kansa a kan kowace kalma. Waɗannan dabaru su ne suke raya cutar, domin duk ranar da ya tsira, sai ya ce dabarar ce ta cece shi, ba zai taɓa gano cewa ko babu ita da ya tsira ba. Ashe hular da ƙanenmu yake nema a kasuwar Madani ya daɗe da saka ta, kuma ita ce take shaƙe shi. A nan finafinan suka yaudare mu. Sun nuna mana yadda rufe fuska yake ba da ƙarfin hali, ba su nuna mana kuɗin da ake biya ba.

Maganin da likita ya tsara bai hana addu'a ba. Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman yake ɗauke da sunansa, shi kansa ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman gargajiya. An ba ƙanenmu ƙwayoyi na wani lokaci, aka kuma ɗora shi a kan matakai, daga ƙarami zuwa babba. Makon farko, ya je da kansa ya sayo agashe, ya tsaya a ba shi canji. Na gaba, ya gai da dattawan ƙofar masallaci yana kallon fuskarsu. Bayan wata biyu, ya ci abinci da baƙo. Kowane mataki sai ya faɗi abin da yake tsoron zai faru, sannan ya dawo ya faɗi abin da ya faru da gaske. Sannu ba ta hana zuwa.

Kakarmu ce ta ƙarasa aikin ba tare da ta san sunan cutar ba. Da ta ji labarin dariyar aji, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ka manta Gizo? Tsamin baki gare shi, duk dawa an san haka. Ka taɓa jin ya fasa zuwa fada don za a yi masa dariya? Da wannan bakin yake juya Zaki da Kura." Muka dubi juna. Shekara da shekaru muna biyan kuɗi muna kallon Gizon da ba ya iya magana sai ya rufe fuska, alhali a tabarmar kakarmu akwai wanda yake shiga gaban sarki da fuskarsa a buɗe da karkataccen harshensa.

Ba za mu ce muku ya warke sarai ba. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya iso Wad Madani a Disamba, likita ya yi nasa wuri, magani ya yanke, mu ma muka bar gida. Wasu daga cikin tsoffin alamun sun dawo. Amma a makarantar da aka sauke mu, ranar rajistar iyalai, shi ya tsaya a layi a madadin baffa. Hannunsa na rawa, muna gani. Ya faɗi sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya karɓo katin. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga a gaban kowa ya ce, "Na'am Inna, ga ni nan zuwa."

Jama'a, kusan kowane gida yana da yaron da ake yi wa kirari da kunya. Yawancinsu kunyar ce kuwa, Allah Ya ƙara musu. Amma ku dubi hannunsa in an miƙa masa shayi. Ku lura ko yana cin abinci in an yi baƙi. Ku same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ku tambaye shi ko shirun nan nasa zaɓi ne ko tilas. Mu mun makara da shekara goma kafin mu yi wannan tambaya, kuma karatun ƙanenmu ne ya biya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.