Lome a kan keke: abin da mai sauri ba ta gani

Da yawa cikinmu sun san Lome, babban birnin Togo, amma sanin tasha da kasuwa kawai: a sauka, a hau kabu-kabu, wanda su can suke kira zemijan, a yi sari, a juyo. Ni da asusunmu ya ba ni rancen sarin atamfa, na ce duk jikar da na ba ɗan kabu-kabu daga cikin jari ta fita. Sai na ari keken ɗiyar mai masaukina.

Galibin garin shimfiɗe yake. Na sa wando ƙarƙashin zane, na tattare hijabi kada ƙafar keke ta cafke shi, kuɗina kuma ɗaure a jiki. Bayan sallar asuba na fita, kafin motoci su cika hanya.

Na faro daga iyakar Gana, wajen Aflawo, don a Lome iyaka cikin gari take. Daga nan titi ya miƙe gabas, teku a dama, itatuwan kwakwa jere a kan rairayi. Ruwan nan na kallo ne kawai, igiyarsa tana da ƙarfi ƙwarai, kada baƙuwa ta shiga.

A bakin ruwan na tarar da masunta suna jan taru, sun yi layi a kan igiya ɗaya. Mata na tsaye da manyan kwanoni. Kifi na fitowa suka yi ciniki nan take. Wasu suka nufi kasuwa da ɗanye, wasu suka tafi yin banda. Wadda ta riga zuwa, kuma da kuɗi a hannunta, ita ke samun farashi mai sauƙi. Kun ga amfanin ajiya ke nan.

Gaba kaɗan akwai fadar gwamna ta zamanin Jamusawa, wadda aka gyara aka buɗe wa masu ziyara a 2019, sai tsohuwar gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku, inda ake sauke kaya kafin a buɗe tashar jiragen ruwa a 1968.

Asigame, wato babbar kasuwa, ba a shigarta a kan keke. Sauka na yi na tura. Nan ne gidan Nana Benz, matan da suka riƙe cinikin atamfar Holan har suka sayi motocin Mercedes Benz, sunan ya bi su. Su ke zaɓen zane, su raɗa masa suna, mata su yi ta rububi. Da yake ba ɗan kabu-kabun da ke jirana yana ƙirga lokaci, na zaga rumfa bayan rumfa ina tambayar kuɗin turmi, kuma sefa ɗinmu ɗaya, ba wahalar canji. Sai da na gama ji na saya.

Duk wadda asusu zai tura sari, ta ware yini guda na kallo da tambaya kafin ta kwance bakin zane. In ba ta iya keke ba, ta taka da ƙafa. Mu tattauna wannan a zaman zubi mai zuwa. Allah ya sa albarka a neman kowa.