Mudun Awon Zuciya: Abin Da Na Koya Daga Lituweniya

Na daɗe ina aikin fassara tsakanin Ingilishi da Hausa, kuma cikin duk abin da ya biyo ta hannuna, babu mai wuyar sha'ani kamar kalmomin da ke bayyana halin da zuciya take ciki. Sunan magani ko na injin ban-ruwa yana da iyaka, in ka same shi ka huta. Amma kalmar baƙin ciki ko fargaba kamar mudu take: sunan ɗaya ne a kowace kasuwa, cikinsa kuwa ya bambanta daga gari zuwa gari. Wannan ne ya sa wani aiki da masana suka yi a ƙasar Lituweniya ya ja hankalina, har na ga ya dace mu tattauna shi da mai karatu.

Lituweniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik, a arewacin Turai, babban birninta Vilnius, mutanenta ba su kai miliyan uku ba. A shekarar 2022 wasu masana, ciki har da Peter Terry da Albertas Skurvydas, suka wallafa sakamakon mayar da wata takardar tambayoyi mai suna BRUMS zuwa harshen ƙasar. Takardar ta samo sunanta ne daga Jami'ar Brunel da ke Landan, kuma tushenta wata tsohuwa ce mai suna POMS, wadda McNair da Lorr da Droppleman suka fitar a Amurka a 1971 da kalmomi 65. Ita BRUMS kalmomi 24 kacal ta ƙunsa, an kasa su gida shida, kowane gida da kalmomi huɗu: fushi, ruɗewa, karayar zuciya, gajiya, ɗar-ɗar, da kuzari. Ana tambayar mutum yadda yake ji a daidai wannan lokaci, shi kuma ya ba kowace kalma maki daga 0, wato ko kaɗan, zuwa 4, wato matuƙa. Cikin 'yan mintuna an gama. Masu horar da 'yan wasa sun daɗe suna amfani da ita don gane wanda atisaye ya fara cinye masa ƙarfi, haka ma masu binciken lafiyar jama'a.

Wani zai ce, kalmomi 24 ai aikin yini ɗaya ne ga mai ƙamus. Ni da na san ciwon abin, ba zan ce haka ba. A cikin tsohuwar takardar ta Amurka akwai kalmar da asalin ma'anarta launin shuɗi ne, amma Bature yana nufin ɗan baƙin ciki da ita. In aka juya ta kai tsaye, mutumin Kaunas zai tsaya yana mamakin wanda ke tambayarsa ko shi shuɗi ne. Akwai kuma matsalar nahawu. Siffa a Ingilishi ba ta bambanta mace da namiji, amma a harshen Lituweniya namijin da ya gaji pavargęs ne, mace kuwa pavargusi. Mai fushi piktas, mai fushi mace pikta, kamar dai yadda muke cewa gajiyayye da gajiyayya. Dole mai fassara ya yanke shawara: ya rubuta duka biyun, ko ya sauya ginin tambayar. Sannan gidan gajiya shi kaɗai yana buƙatar kalmomi huɗu masu kusanci amma ba ɗaya ba, kowace da nauyinta. Harshen da ke da uku a bakin jama'a, ta huɗun kuma sai a littafi, ya shiga tsaka mai wuya.

Saboda haka masana suka shimfiɗa hanya. Wani ya fassara daga Ingilishi, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Ingilishi, sai a zauna a gwada biyun a ga inda ma'ana ta zube. Richard Brislin ne ya shahara da bayanin wannan dabara tun 1970. Bayan nan sai a kai takardar ga ɗaruruwan mutane, a bi amsoshinsu da lissafi: shin kalmomi huɗun da aka ce na fushi ne suna hawa da sauka tare? Shin ba su ɓalle sun koma gidan ɗar-ɗar ba? A Lituweniya mutum 746 ne suka amsa, kuma masanan sun ba da rahoton cewa gidaje shidan sun tsaya da ƙafafunsu a sabon harshen. Irin wannan gwaji an yi wa takardar a harsunan Sin da Italiya da Malesiya da kuma Fotugis na Brazil.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya sa suka wahalar da kansu? Matasansu da yawa suna jin Ingilishi, dattawansu da yawa suna jin Rashanci. Amsa ta farko tana cikin tarihinsu. Daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin sarkin Rasha ta haramta buga littattafan harshensu da baƙaƙen Latin. Sai aka riƙa buga su a Gabashin Prussia, wasu mutane da ake kira knygnešiai suna tsallako da su kan iyaka a ɓoye, wanda aka kama kuwa kurkuku ne ko kora zuwa Saiberiya. Al'ummar da ta yi shekara 40 tana fasa-ƙwaurin harshenta, ta kuma ƙwaci 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a 1990, ba za ta so a auna zuciyarta da harshen aro ba.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Shekaru da dama Lituweniya tana cikin ƙasashen Tarayyar Turai da suka fi yawan masu kashe kansu, galibinsu maza. BRUMS ba ta gano cuta, wannan aikin likita ne, amma tana iya nuna wanda ya kamata a ja shi gefe a saurare shi. Idan kalmar da aka zaɓa ta yi nauyi fiye da kima, mai ciwo zai ce bai kai can ba, ya ba ta 0, a wuce shi. Idan ta yi sauƙi fiye da kima, kowa zai ba ta 3, mai ciwon ya ɓace cikin taro. Ko ta wane gefe, kuskuren kalma ɗaya yana iya zama mutum ɗaya da ba a lura da shi ba.

Ina karanta aikin nasu ina jarraba kalmomin a Hausa, sai na ga namu tudun ya fi nasu tsayi. Ɓacin rai a wane gida za a sa shi, fushi ko baƙin ciki, alhali muna nufin duka biyun da shi? Damuwa fa, wadda ta haɗa tunanin kuɗin makaranta da ciwon da ke hana mutum barci wata da watanni? Ga kuma tarbiyya: tun muna yara aka koya mana cewa amsar "ina gajiya" ita ce "ba gajiya", ko da mutum ya wuni a gona. Wanda ya tashi da kunya da haƙuri, da wuya ya kalli takarda ya ba karayar zuciya maki 4. Ƙamus ba zai warware wannan ba. Sai an zauna da mutane, an tambaye su, an ƙirga amsoshinsu.

Ba na cewa mu kwafi na Lituweniya, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da nake fata shi ne masana halayyar ɗan'adam da masana harshe a jami'o'inmu su riƙa zama a tabarma ɗaya kan irin wannan aiki, su daina ganin fassarar takardar tambayoyi a matsayin abin da za a miƙa wa ɗalibi ya gama kafin azahar. Masu jin Hausa sun ninka mutanen Lituweniya sau da yawa, kuma a cikinsu akwai masu ɗauke da nauyin da ba su taɓa samun wanda ya tambaye su game da shi da kalmar da ta dace ba.