Abin da Kunne Ke Nema

Idan ina gwada ƙananan na'urorin sauraro na cikin kunne, waƙar da na sani ciki da bai nake sakawa, don ita ce ba za ta ruɗe ni ba. Nakan sa Mamman Shata, in kasa kunne ga kalangu.

Sennheiser IE 600 lasifika ɗaya tak gare ta a kowane kunne, mai faɗin milimita 7. A cikinta kalangu yana fitowa da jiki. Makaɗi na matse tsirkiya sai in ji fatar ta ɗaure, sautin ya hau. Shure SE846 kuwa ƙananan lasifika 4 ne a kowane kunne, an raba musu aiki. Ita takan ware mini 'yan amshi daga muryar Shata, kowa a mazauninsa.

Abu biyu nake kiyayewa. Nakan daidaita ƙarfin sautinsu, domin wadda ta fi ƙara, kunne yakan ɗauka ta fi daɗi. Sannan robar bakin dole ta toshe kunne ruf, don da iska ta samu kafa, kaurin sauti ya zube.

Tsada ba ta yanke mini hukunci. Wadda ta sa na manta gwaji nake yi har waƙa ta ƙare, ita nake zaɓa.