Fankar mota da ragon layya

A shekarar 1998 ina aji biyar. Hutun lakwal ya faɗo cikin bazara, saura 'yan kwanaki Sallar Layya. Babana ya ce ba zan yini ina yawon banza ba. Ya kai ni garejin kawuna, nan Damagaram, in riƙa miƙa masa kile da wanke ƙarafa. Kwana bakwai na yi, na fara jin kaina makanike.

Wata rana da hantsi Kawu ya tafi kasuwar Dole. Sai ga wani mai taksi da tsohuwar Peugeot 205, tururi yana fita daga gabanta. Ya ce: "Yaro, ina maigidan? In ina gudu bisa hanya, lafiya lau. Amma da na tsaya ɗaukar mutane, ko na shiga cunkoson kasuwa, sai allura ta hau ja."

Na ɗaga murfi, na ga moter ya yi zafi ƙwarai, fanka kuwa tana tsaye cik. Ban taɓa komi ba na ce: "Baba, fanka ta ƙone, sai sabuwa."

Mutumin ya zauna bisa benci, ya yi shiru. Tun da aka rage darajar kuɗin sefa a 1994, kayan mota suka yi tsada. Can ya ce: "To, babu yadda zan yi. Ragon da nike kiwo don layya, shi zan kai kasuwa. In mota ta kwana, iyali sun kwana da yunwa."

Na kai hannu zan buɗe murfin radiyatar ke nan, sai Kawu ya shigo, ya buge mini hannu. Ya ce: "Kul! Ruwan nan a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da ka buɗe, zai taso ya sale maka fuska. Sai ya huce."

Kafin ya huce, Kawu ya yi mini bayani. Ruwa yana zagaye cikin moter, ya kwaso zafi, ya kai radiyatar, iska ta busa shi. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. In ta tsaya, fanka ce ke jawo iska. Ya ce: "Ka ji daidai, matsalar wajen fanka take. Amma fanka ba ta juyawa don kanta. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fizibil, ta bi ta waya, sa'an nan ta iso. Ko'ina hanyar tana iya tsinkewa. Wa ya gaya maka a ƙarshen hanya ta tsinke?"

Ya fara da abu mafi arha. Ya zaro fizibil, ya ɗaga shi ga haske. Zaren ƙarfen da ke ciki bai tsinke ba. Ya ce in ma ya tsinke, a sa mai lamba irin tasa, kada a sa guntun waya ko takardar kwalin taba, don haka ake ƙone mota.

Ya cire kan batir, domin fankar lantarki tana iya tashi ko an kashe mota. Ya juya ta da yatsa, ta juya sumul. Daga nan ya ɗauko waya biyu, ya haɗa ta kai tsaye da batir mai bolt 12. Fuuu! Fanka ta tashi, ta watsa mini ƙura a ido. Mai taksi ya miƙe tsaye. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Kawu ya mai da kan batir, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe ɗaure a jikin radiyatar, da waya biyu a bayansa. Ya ce: "Wannan shi ne mai gadi, ana ce masa sondi. In ruwa ya kai digiri 90 da 'yan kai, shi ke buɗe wa wuta hanya." Ya cire wayoyin biyu, ya haɗa su da juna. Fanka ta sake tashi. Ke nan hanya duka lafiya take, mai gadi ne ya yi barci.

Mai taksi ya ce: "Maigida, to a bar su haɗe mana, ta yi ta juyawa." Kawu ya ce: "Malam, wannan dabarar kai mota gida ce in ta lalace cikin daji. In an bar ta haka, batir zai sha wahala, fanka kuma ta gaji, ta ƙone da gaske."

Aka aike ni na sayo sabon sondi, kuɗinsa ko kusa bai kai na rago ba. Kawu ya ɗaura, ya cika radiyatar da ruwa, ya fitar da iskar da ta shiga. Muka tada mota, muka tsaya muna kallon allura. Ta hau sannu sannu har ta ɗan wuce tsakiya. Sai fanka ta tashi da kanta, ta yi kamar minti ɗaya, allura ta sauko, ta tsaya.

Washegarin Sallah, ranar rabon nama, mai taksi ya zo gida da cinyar rago. Kawu ya karɓa, ya miƙo mini, ya ce: "Riƙe. Ragon da ka kusa sayarwa ne." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Tun ran nan, in an tambaye ni abin da ban gwada ba, nikan ce a dakata in duba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma sau da yawa wani ne ke biyan kuɗinsa.

Tambayoyi

1. Don mi allura ke hawa in mota ta tsaya, ta sauka in tana gudu?
2. Waɗanne abubuwa Kawu ya gwada, bi da bi?
3. Don mi ba a buɗe murfin radiyatar da zafinsa?